Idan Buji Ya Cinye Sama: Jagora ga Matuƙin Ƙaramin Jirgi a Damagaram

Mutumin Damagaram ba ya bukatar a kwatanta masa buji. Ka kwana taurari tar a sama, ka wayi gari duwatsun Birni sun ɓace, rana ta koma kamar faifan azurfa, har kana iya kallonta ido da ido. Mai tafiya a ƙasa sai ya ja rawani ya rufe hanci ya wuce harkarsa. Wanda ke cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, wanda aka ba shi lasisin tuƙi da ganin ido kawai, shi kam abin da yake dogara da shi kenan aka ɗauke masa. Domin irin wannan matuƙi nake rubutu, da kuma waɗanda ke zama a kujerar bayansa, don su ma suna da hannu a shawarar da yake yankewa ko ba su sani ba.

Mugun yanayi iri biyu ne a ƙasarmu, kuma halinsu ya sha bamban. Hadarin damina yana zuwa da fuskarsa a buɗe, katanga ce ja ko baƙa daga gabas, kowa ya gani. Bujin hunturu kuwa ɓarawo ne, kaɗan-kaɗan yake ɗiba. Shi na fi tsoro, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Kafin ka taɓa jirgin

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙurar da ke rufe Zinder tsakanin Nuwamba da Maris, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen ƙasan tsohon tafki. Daga can zuwa nan tafiyar kamar yini da kwana ce. Don haka in za ka tashi gobe, yau za ka tambayi ma'aikatan meteyo, masu hasashen yanayi, abin da ake gani a Faya-Larjo da Bilma da Gigimi. In suka ce iska ta yi ƙarfi a Faya, gani ya faɗi, to ka san baƙo na hanya ko da samanka ta yi shuɗi kamar an rina.

Ka karanta rahoton filin da kanka, kada ka tsaya ga "lafiya lau" ta waya. Lambar filin jirgin Zinder DRZR ce. A ce rahoton ya zo da 150900Z 06015KT 2500 DU. Ma'anarsa ranar 15 ga wata, ƙarfe 9 agogon duniya, wato 10 na safe a Nijar, iska daga arewa maso gabas (060) da gudun mil 15 a awa na lissafin jirgi, ana gani mita 2,500, kuma ƙura ce a sama. HZ hazo ne, DS guguwar ƙura, TS hadari mai tsawa, CB girgijen da ke haifar da shi. Inda ka ga 9999, gani ya kai kilomita 10 ko fiye. Kada ka karanta rahoto ɗaya tak. Jera uku ko huɗu na awannin da suka wuce. Gani na mita 6,000 da ya fito daga 4,000 daban yake da 6,000 da ya sauko daga 9999, domin na biyun bai gama sauka ba.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ga mai tuƙi da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 ita ce gani na kilomita 5. Wannan iyakar doka ce, ba iyakarka ba. Yi lissafi da kanka: jirgi irin Cessna 172 yana cin kusan kilomita 200 a awa, wato fiye da kilomita 3 a minti. Gani na kilomita 5 minti ɗaya da rabi ne kacal tsakaninka da abin da ba ka gani ba tukuna. In ya sauko kilomita 2, daƙiƙa 36 ce. Kuma juyawa baya a hankali, yadda ya kamata, tana cin fili mai faɗin kusan kilomita 2. Shi ya sa nake ba sabon matuƙi shawara ya sa wa kansa kilomita 8 don tashi, ya rubuta a takarda, ya kuma rubuta lamba ta biyu, wadda in gani ya sauko gare ta a sama zai juya babu shawara da kowa. Lambar da aka rubuta a ƙasa da sanyin kai ta fi wadda za a ƙirƙira a sama da bugun zuciya.

Sai mai. Doka ta ce ka sauka da ragowar minti 30 da rana. Wannan an tsara shi ne da tunanin ƙasashen da filayen jirgi ke kusa da juna. Mu a nan, daga Zinder zuwa Maraɗi ta sama ya haura kilomita 200, zuwa Agadas ya haura 350, Difa ta kusa 400. Kano tana kusa amma ƙetaren iyaka ce, ba a faɗa mata haka kawai sai an bayyana halin gaggawa. Kuma buji ba ya rufe gari ɗaya ya bar na kusa, yana iya lulluɓe Difa da Zinder da Maraɗi a yini guda. Ka ɗauki man da zai kai ka, ya dawo da kai inda ka fito, da ragowar awa guda a kai. In nauyi bai bari ba, kaya za a rage, ba mai ba. Ka tuna kuma filinmu yana kan tudun kusan ƙafa 1,500, kuma a zafin Afrilu, in ma'auni ya kai 42, iska takan yi sakayau har jirgin ya ji kamar daga ƙafa 5,000 yake tashi. Hawan da kake ƙidaya a kansa don tsere wa ƙura ba zai zo da saurin da ka saba ba.

Ka raba hanyarka gida-gida tun a taswira. In gabas za ka, Mirya, Gure, Maine-Sorowa. In yamma, Takeita, Tasawa, Gazawa. In arewa, matatar mai, Tanut, Adarbisanat. A kowace tasha tambaya uku: nawa nake gani, nawa ne maina, awa nawa ya rage rana ta faɗi? A Disamba wajen ƙarfe 6 rana ke faɗuwa a Zinder, kuma in akwai ƙura duhu yakan riga lokacinsa.

Maganar fasinja

Wannan sashe ba ya cikin littafin jirgi, amma ya kashe mutane da yawa. Mai hayar ƙaramin jirgi a ƙasarmu ba ƙaramin mutum ba ne: babban ɗan kasuwa, jami'in gwamnati, shugaban wata ƙungiya, ko majinyacin da ake gaggawar kaiwa Yamai. Mu kuma an tashe mu da kunyar manya. Yaro ɗan shekara 28 ya dubi dattijo sa'an mahaifinsa ya ce ba za a tafi ba, abu ne mai nauyi a baki.

Maganin shi ne ka faɗa tun ba a shiga ba. "Ranka shi daɗe, akwai ƙura a gaba. Za mu tashi, amma in mun kai Gure ban ga abin da nake so ba, zan juyo da kai Zinder. Ina so ka sani tun yanzu." In ya amsa a ƙasa, to a sama ba sabon zance ba ne. In ya ce, "Haba yarona, ai komai na Allah ne," ka ce, "Gaskiya ne Alhaji, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali." Ban taɓa ganin dattijon kirki ya yi musu da wannan ba.

Mutanen Sakkwato ba su manta da 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja. Babban jirgi ne, Boeing 737, kuma an tashi ne alhali an san akwai hadari a filin, iska mai juyawa ta buga shi. A Amurka, binciken faɗuwar helikwaftan da ya kashe ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da mutum takwas a Janairun 2020 ya nuna matuƙin ya kutsa cikin gajimare, ya rasa sama da ƙasa, kuma cikin dalilan har da matsin da ya ɗora wa kansa na ya kai babban fasinjansa. Ba wanda ya tilasta shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Alamomin da ke cewa juya

Kana sama, ka baro Mirya lafiya. Ga yadda buji ke sata.

Da farko layin da sama ta haɗu da ƙasa zai yi laushi, kamar an shafa shi da yatsa. Sannan ya ɓace, amma ba za ka lura ba, domin in ka leƙa ƙasa kai tsaye kana ganin kwalta, kana ganin gawo da garken shanu. Nan tarkon yake. Ganin ƙasa ta ƙarƙashin fiffike ba shi ne gani ba. Idonka yana ratsa ƙura 'yar kaɗan in ka duba ƙasa, amma in ka duba gaba yana ratsa kilomitoci nata. Wanda ya nufi Maraɗi da la'asar, rana a fuskarsa, abin ya fi masa muni, gilashin gaba yakan zama farin allo.

Alama ta biyu a hannunka take. Za ka tarar ka sauko ƙafa 500 ba tare da ka yi niyya ba, don ka ci gaba da ganin hanya. Bayan minti biyar ka ƙara saukowa. Alama ta uku, ka rage totur, jikinka ya matso gaba, hancinka ya kusa taɓa gilashi. Ta huɗu ita ce maganar zuci: "Bari in ƙara minti biyar, wataƙila gaba ta fi." Ni dokata ita ce, saukowa ta biyu saboda gani, ita ce juyawa. Ba na jiran ta uku.

Na taɓa zama a kujerar dama wata safiyar Janairu, mun nufi gabas. Wanda ke tuƙi ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba. Mun wuce Gure da kaɗan ya ce, "Ƙanena, nuna mini inda sama ta ƙare." Na duba, na kasa. Ina ganin ƙasa sarai, amma gaba babu komai sai fari. Bai ƙara kalma ba, ya karkata fiffike muka koma. Muna sauka Zinder ana gani kilomita 4. Kafin azahar ba a hango ƙarshen titin jirgi daga inda muka ajiye shi.

Kada ka bi kwalta ƙasa-ƙasa kana cewa ita za ta kai ka. Eriyoyin salula a bakin hanya ake kafa su, manyan wayoyin lantarki ma hanya suke bi, kuma ba a ganin waya sai an zo kanta. Wajen Gure akwai tuddan Muniyo da Kutus, arewa da Agadas duwatsun Ayar sun haura mita 2,000 a Bagazan. Ka san tsayin da ya fi komai a yankin da kake, ka ƙara ƙafa 1,000, ka rubuta shi kusa da kowace tasha.

In ka riga ka shiga

A ce ka makara. Babu sama, babu ƙasa, ko'ina fari ko ja. Abin da za ka yi a minti na farko shi ne komai.

Ka fara sanin abokin gabarka, kuma a cikin kunnenka yake. Akwai 'yan bututu masu ruwa a can ciki da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko ka karkata. Ba sa jin karkata mai zuwa a hankali, kuma in juyi ya daɗe kamar daƙiƙa 20, ruwan yakan lafa su ce maka kana tafiya sak. In ka gyara fikafikai a lokacin, sai ka ji kamar ka karkata ɗaya gefen, hannunka ya mayar da kai cikin juyin. Hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru, ka ja sitiyari don ka hau, jan kuma ya ƙara matse juyin. Haka ake murɗawa har ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo ba, wato dogaro da na'urorin da ke gaban matuƙi maimakon ido, aka rufe musu gani a sama. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, kuma a matsakaici cikin daƙiƙa 178. Bai kai minti uku ba. Irin wannan ruɗewa ce ta kashe John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, yana tuƙa ƙaramin jirginsa a Yulin 1999, cikin hazo da dare a kan teku.

To ga matakan, bi da bi.

Ɗauke idonka daga taga gaba ɗaya, ka kafa shi a kan agogon da ke nuna kwanciyar fikafikai. Abin da ya ce shi ne gaskiya, abin da jikinka ya ce ƙarya ne, ko da ka rantse kana kwance a gefe. Daidaita fikafikai. Sassauta riƙo, yatsu biyu ko uku sun isa, jirgin da aka daidaita shi yana son tafiya sak in ba a dame shi ba. In kana da na'urar tuƙi da kanta kuma ka iya ta, kunna ta yanzu, ba abin kunya ba ne.

Duba alƙiblar da kake kai, ka lissafa kishiyarta. In kana kan 090, wato gabas, za ka koma 270, wato yamma. Karkata a hankali, digiri 15, kada ka wuce 20. Wannan zai ba ka juyin kusan digiri 3 a daƙiƙa, kamar minti ɗaya ya mayar da hancinka wajen da ka fito. Idonka yana zagaye: fikafikai, tsayi, fikafikai, alƙibla, fikafikai, gudu. Kada ka juya kai da sauri, kada ka sunkuya neman alƙalami ko taswira, motsin kai yana hautsina ruwan kunne. Da ka kai alƙiblar, daidaita ka jira. Kada ka yi tsammanin fita nan take. Ka ɗau mintuna kana shiga, za ka ɗau mintuna kana fita, kuma ƙurar tana tafiya ita ma.

In ka ji iska na ƙara ƙara, agogon gudu na hawa, na tsayi na zuba, ka shiga murɗawar. Rage totur, daidaita fikafikai da agogo, sannan ka ɗaga hanci a hankali. A wannan jerin, ba a wani ba. Wanda ya fara da ja ya ƙara wa kansa.

In kana ƙasa da tsayin da ka rubuta, hau, fikafikai a daidaice, kafin komai. Wani lokaci saman ƙurar na nan a 'yan dubban ƙafa, ka fito sarari ka sake ganin layin sama. Wannan hutu ne, ka yi amfani da shi ka yi tunani, amma ka tuna dole ka sake ratsa ta kafin ka sauka.

Sai jirgi ya natsu sannan rediyo. Kira hasumiyar Zinder, ko cibiyar Yamai ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage, ko mitar gaggawa 121.5, wadda manyan jirage masu wucewa a sama ke saurare kuma suna iya isar da saƙonka. In kana riƙe da jirgin amma kana cikin matsala, PAN PAN sau uku. In ka rasa gani kuma ba ka da horon agogo, MAYDAY sau uku, ka sa 7700, lambar gaggawa, a tiransifonda, na'urar da ke nuna jirginka ga masu lura da jirage. Faɗi gaskiya tsirara: ni mai tuƙi da ido ne, ba na ganin komai, ga tsayina, ga man da ya rage mini a mintuna. Matuƙa da yawa sun ɓoye halinsu don tsoron tambayoyin hukuma, suka mutu da lasisi mai tsabta. In aka ba ka umarnin da ya fi ƙarfinka, ka ce ba za ka iya ba. In fasinja na magana, "Alhaji, yi mini shiru, yi mana addu'a" ta wadatar.

Abu ɗaya game da inji: a jirage masu kafireto, iskar ɗumi da ake buɗewa don narkar da ƙanƙara ba ta bi ta matata. Cikin ƙura kada ka bar ta a buɗe ba dalili.

Hadarin damina

Shi ba a shiga, ba a bi ta ƙarƙashinsa, ba a rige-rige da shi zuwa fili. Daga Yuni zuwa Satumba hadari kan jeru layi guda daga arewa zuwa kudu, tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiya yamma da gudun kusan kilomita 50 zuwa 60 a awa, galibi daga la'asar zuwa dare. Kewaye shi a ƙaramin jirgi mafarki ne. Na farkon damina sun fi ƙura, domin ƙasa a bushe take, iskar da ke gabansa ta tashe ta ta zama jar katanga. Ka bar kilomita 37 tsakaninka da girgijen, mil 20 kenan na lissafin jirgi. Iskar da ke zubowa daga cikinsa tana iya kai ƙafa 6,000 a minti, jirginka kuwa da ƙyar yake hawa 700.

In ka nufi Difa ka gan shi a gaba, kuna tunkarar juna da gudun kilomita 250 a awa. Juya yamma, ka fi shi gudu sau uku. Amma ga inda ake kuskure: mutum ya iso Zinder katangar na bayan gari, ya ce bari in yi maza in sauka. Kafin hadari iskar ƙasa daga kudu maso yamma take, ka zaɓi titi saboda ita. Da bakin hadarin ya iso, cikin daƙiƙoƙi takan juye ta dawo daga gabas da ƙarfi, ta zama a bayanka kana dab da ƙasa, fikafikai su rasa abin riƙewa. In ba ka da aƙalla minti 20 zuwa 30 na sauka da ɗaure jirgi kafin ya iso, wuce zuwa Maraɗi. Shi ya sa tafiyar damina ta sassafe ce.

Sauka a daji da gangan

In gaba ta rufe, baya ta rufe, mai na raguwa, rana na sunkuyawa, ka sauka tun kana da inji da haske da ɗan gani. Jirgi da ya sauka a fako a hankali, matuƙi na riƙe da shi, mutanensa sukan fita da ƙafafunsu. Nemi fako mai tauri ko gonar da aka girbe, kusa da gari ko hanya don a same ka. Guji jigawa mai laushi da gindin kwari da damina. Kwalta tana jan ido, amma akwai wayoyi da manyan motoci da alluna. Hayaƙi ko ƙurar garke za su nuna maka iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take, ka fuskance ta. Zagaya sau ɗaya a ƙafa 500 ka duba, sau ɗaya ƙasa da haka ka nemi ramuka, kututture da shuri. Faɗi wurinka a rediyo tun kana sama, domin a ƙasa muryarka ba za ta yi nisa ba. A ɗaure bel tamau, a sassauta ƙofa kafin taɓa ƙasa don kada ta cije. Sauka da filap duka, wato marafan bayan fikafikai a sauke, a mafi ƙarancin gudu, ka riƙe tayar gaba a sama muddin za ta riƙu.

Da kun tsaya, kashe mai da wuta, ku fita. Kunna na'urar neman ceto mai kira a mita 406. Kada kowa ya bar jirgin ya tafi neman gari cikin ƙura, jirgi ake hangowa daga sama, ba mutum ba. A arewacin Tanut wannan doka ce ta rai da mutuwa, kuma ruwan sha da ka ɗora tun a Zinder, lita da yawa ga kowane mutum, yanzu ne zai yi aikinsa. In akwai layin waya, kira hasumiya ka gaya musu kuna raye da inda kuke, don kada a tashi wani jirgin ya shiga ƙurar nan yana nemanku. Sannan juya hancin jirgin ya fuskanci iska, ka sa duwatsu a tayoyi, ka toshe bakin inji da bututun auna gudu da ƙyalle, ka ɗaure fikafikai.